Wayoyi Goma Sha Ɗaya a Tiren Nama

A shekarata ta huɗu a Doha na shiga watandar Baba, kuma ba rashin kuɗin nama ne ya kai ni ba. Ni injiniya ne, aikina kula da injinan sanyaya wani dogon bene a Lusail. Ina da gida a Al Aziziya, da mata da 'ya'ya biyu, naman kanti kuwa kowane iri nake so ga shi nan a leda, an yanka an jera. Kewar gida ce ta kai ni. Mutum ya shekara huɗu yana gaisuwa da Turanci, wata rana sai ya ji harshensa ya yi masa nauyi a baki.

Baba maigadi ne a ƙofar benen da nake aiki. Dattijo ne daga wajen Gumel, siriri, mai furfura a gemu, jikan mahauta. Kowa Baba yake ce masa, har 'yan Nepal da mudir, wato manajan kamfanin gadin. Yana zaune a Madinat Khalifa ta Kudu, a wani tsohon gida da kamfaninsu ya tsaga da katako ya zuba ma'aikata. Hausawa goma ne a gidan ban da shi, duk masu gadi, takwas daga Najeriya, biyu 'yan Zango daga Kumasi. Tsakar gidan ba ta fi shimfiɗa tabarma huɗu ba, kullum ruwan na'urar sanyi na ɗiga a gefenta.

A tsakar gidan nan ake watanda duk ƙarshen azumi. Kowa zai kawo daidai da na kowa, a je mayanka a sayo maraƙi. Baba zai shimfiɗa leda, ya ajiye wani ƙaton tire na ƙarfe, ya wasa wuƙa, ya kasa naman kashi goma sha biyu. Kowane kashi sai ya samu tsoka da ƙashi da kitse da tumbi. Hanta ma sai ya yanka ta goma sha biyu, ko da kowa zai tashi da abin da bai fi ɗan yatsa ba. Ba ya amfani da sikeli, da hannu yake ɗagawa ya ajiye, ya cire nan ya ƙara can. In ya gama, sai mutum ɗaya ya tashi ya fuskanci bango. Baba ya taɓa kashi da bakin wuƙa ya ce, “Wannan na wa?” Wanda ya juya baya ya faɗi mai shi, ba tare da ya ga abin da aka taɓa ba. Na Baba shi ne wanda ya rage a ƙarshe.

Tun shekarar farko ni ya zaɓa in juya baya. Ya ce, “Injiniya ba ya kwana da mu, ba shi da ɗan ɗaki a cikinmu.” Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min daɗi fiye da takardar yabo da aka taɓa ba ni a ofis. Ina da saurin fushi da son a ce na sani, matata shaida ce, amma a gaban bangon nan nakan ji ni mutumin kirki ne.

Wani abokin karatuna ne daga Abuja ya turo min maganar sabon kuɗin. Manhaja ce a waya. Ba a biyan ko sisi. Sau ɗaya a yini za ka danna wani maɓalli mai kamar walƙiya, sulalla su dinga taruwa maka har gobe war haka, sannan ka sake dannawa. Wannan taruwar suke kira haƙa, in ka manta kuwa ta tsaya. Masu abin sun ce kuɗin duniya na yanzu manya ne ke buga shi su raba wa junansu, wannan kuwa na kowa ne, wata rana za a buɗe shi a yi ciniki da shi. Akwai abubuwa biyu da na lura da su tun farko. Duk sanda jama'a suka ƙaru sosai, sai a rage abin da kowa ke samu a yini, don haka na farko ya fi na baya. Sannan duk wanda ka gayyato, muddin yana dannawa, ana ƙara maka wani abu a kan naka.

Na yi wata biyar ina dannawa kafin na kai maganar Madinat Khalifa. Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, na sayo shayin karak kofi goma sha biyu na shiga da fara'ata. Na yi musu bayani kamar ni na ƙirƙiro abin. Samarin suka ciro wayoyi tun kafin in rufe baki. Wanda ya fi kowa ɗoki wani mutumin Kazaure ne, ƙaƙƙarfa, mai zafin kai irin nawa, wanda ya gaji da tsayuwar awa goma sha biyu a ƙofar mutane.

Baba bai ciro tasa ba. Ya kurɓi shayi ya ce, “Injiniya, wannan kuɗin wa ya yi shi?”

Na ce, “Wasu matasa ne masu ilimin kwamfuta, Baba.”

“Sun ɗebi nasu?”

“Sun ware wa kansu wani kaso, saboda wahalar da suka sha.”

“Kafin a kasa, ko bayan an kasa?”

Samarin suka tuntsire da dariya. Mutumin Kazaure ya ce, “Baba, wannan fa ba maraƙi ba ne. Yalla, yi sauri ka kawo wayar a saka maka.”

Baba ya yi kamar bai ji shi ba. Ni yake kallo. Ya ce, “To wa ke juya baya?”

Na ce, “Na'ura, Baba. Ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san maigadi ba. Ba ta da ido ma balle ta leƙa.”

Sai ya miƙo min wayar. Ya ce, “Tunda kai ka faɗa, khalas, shi ke nan.” Duk su goma sha ɗayan da gayyatata suka shiga. A hanyar komawa gida ina tuƙi ina satar kallon wayata, na ga saurin haƙata ya kusa ninkawa.

Ba a yi wata guda ba matsala ta taso. Kamfaninsu ya hana riƙe waya a bakin aiki, wanda aka kama a yanke masa albashi. Ga diyuti yana juyawa, wannan makon safe, wancan yamma. Sai mutum ya dawo a gajiye ya faɗi barci, ya farka ya tarar haƙa ta tsaya tun jiya. Mutumin Kazaure ya rasa kwana uku a jere, ya kusa fasa wayarsa da ƙasa. Daga nan suka yi abin da duk Bahaushe zai yi idan yana da kaya mai daraja kuma ba zai iya tsaronsa ba, suka kai wa dattijo ajiya.

Kowa ya nemi tsohuwar waya ya mayar da manhajar a kanta. Baba saboda shekarunsa an bar shi a diyutin safe dindindin, kuma ba ya makara sallar asuba. Sai ya ɗauko tiren watanda, wanda dama shekara guda yake yi a jingine bayan ƙofa, ya jera wayoyin a kai, guda goma sha ɗaya har da tasa. Kullum in ya idar da salla sai ya zauna ya yi bismilla ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara dannawa yau, gobe shi ne na ƙarshe, don kada wani ya riƙa riga wani ko da da minti ɗaya. Tasa ce kaɗai ba ta shiga juyi, kullum ita ce ta bayan kowa. Ya sayi doguwar wayar caji da kuɗinsa, yana goge fuskokinsu da gefen rawani. Ranar da na fara ganin tiren na yi dariya har da hawaye, na ɗauki hoto na nuna wa matata.

Bayan kamar wata shida, wata rana da azahar ina zaune a ɗakin injina, babu aiki, sai na buɗe dokokin manhajar. Dogon Turanci ne mai ƙananan baƙaƙe, irin wanda ba wanda ke karantawa. Can wajen tsakiya na ci karo da shi. Mutum ɗaya, waya ɗaya, kuma kowa da hannunsa zai danna. Duk wayoyin da aka ga alamar hannu ɗaya ne ke sarrafa su za a rufe su ranar tantancewa. Abin da suka tara kuma zai koma cikin tukunya, a raba wa waɗanda suka tsallake.

Na karanta sau uku. Na tashi na hau lifta na nufi ƙofa, da niyyar in gaya wa Baba a mayar wa kowa wayarsa yau ɗin nan. Na same shi a tsaye cikin kakinsa, zufa na bin wuyansa. Ya ganni ya washe baki, ya zaro dabino uku daga aljihu ya ba ni. Ya ce, “Injiniya, yau kwana ɗari da tamanin ban tsallake ko ɗaya ba. Yaran nan har sun fara yi min kirari.”

Na karɓi dabinon na ce, “Madalla, Baba.” Na koma ɗakin injina.

Na sha tambayar kaina dalili, kuma amsar ba ta da kyan ji. Akwai kunya, don ni na cika baki a gabansu. Amma akwai wanda ya fi kunya muni. In kowa ya karɓi wayarsa, za su koma mantuwa, ƙarin da nake samu a kansu ya zube. Tiren nan ni ya fi yi wa aiki. Sai na ce wa kaina ai na'ura ba za ta gane yatsan wa ya danna ba. Ni na faɗi haka, ni da nake zaune a ƙarƙashin ƙasa allon gabana yana nuna min ofishin da aka bar taga a buɗe a hawa na talatin. Wayoyi goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya, a kan wayifai ɗaya, suna farkawa a jere cikin minti biyu kullum da asuba, ba sa motsawa daga inda suke wata da watanni. Ko ɗan koyo aka nuna wa wannan zai gane.

Na gaya wa matata da yamma muna cin abinci. Ta ajiye cokali ta ce, “Ka faɗa musu?”

Na ce, “Zan faɗa.”

“Yaushe?”

Sai na hau faɗan gishiri ya yi yawa a miya. Ta dube ni kawai, ta kwashe kwanuka. Bayan nan duk Juma'ar da na dawo daga Madinat Khalifa takan tambaye ni da ido, ni kuma in wuce in kunna talabijin.

Haka muka ƙara shekara biyu da ɗoriya. Manhajar ta fara canza hali a hankali. Wata rana ta nemi izinin sanin inda waya take. Wata rana ta nemi ganin irin intanet ɗin da ake amfani da shi. Sai wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya fara fitowa a sama yana gargaɗi a kan masu wayoyi da yawa. Duk sanda sabon abu ya fito, Baba zai kawo min wayarsa a bakin ƙofa ya ce, “Injiniya, wannan me ya ce?” Ni kuma in ce, “Ba komai, Baba, danna na dama kawai.” Gobe da asuba zai bi sauran goman ya danna musu na dama. Abin da ake biya a yini kuma aka yi ta rage shi, har ya zama abin da Baba ke tarawa a wata bai kai wanda na tara a mako ɗaya a farkon shigata ba. Ya lura. Ya ce min, “Kashin baya yana ƙanƙancewa, na gaba kuwa yana nan yadda yake. A wajenmu ba a haka.” Na ce masa tsarin tattalin arziki ne.

A cikin shekarar nan kamfani ya sanar da shi ba za a sabunta masa kwantiragi ba, shekaru sun ja. Bai damu sosai ba. Burinsa ya koma gida ya buɗe rumfar nama a bakin kasuwa, da firiza ɗaya. Bai ɗora rumfar a kan sulallan waya ba, yana da ɗan abin da ya tara. Jarinsa na gaske shi ne sunansa. Mutum uku a gidan nan 'yan garinsu ne, iyayensu a hannunsa suka damƙa su. Ya taɓa ce min, “Mahauci in an yarda da hannunsa, ko rumfa ba ya buƙata.”

Tantancewa ta zo saura wata biyu azumi. Kowa ya ɗauki hoton fasfo da na fuskarsa ya tura. Tawa ta fito kore cikin kwana biyu. Tasu ta tsaya, mako ɗaya, mako uku, mako biyar. Sannan wata asuba Baba ya yi bismilla ya ɗauki wayar farko ya ga ja. Ya ɗauki ta biyu, ja. Har ta goma sha ɗaya. Lambobin da suka shekara uku suna hawa duk sun koma sifili.

A makon nan, ranar Laraba, na buɗe tawa a wurin ajiye motoci na ga ta yi tsalle. An raba tukunya. Na san ba nasu kaɗai ba ne a ciki, na dubban mutane ne a ƙasashen da ban sani ba. Amma ni fuskoki goma sha ɗaya na gani. Na kashe wayar na jefa ta kujerar baya, na daɗe ban tayar da mota ba.

A Madinat Khalifa ba wanda ya fito ya ce Baba ɓarawo ne. Da ma an faɗa, da ya samu abin amsawa. Mutumin Kazaure ya ga wani bidiyo daga gida inda wani ke rantsuwa cewa wanda ke riƙe da wayarka zai iya kwashe sulallanka ya tura wani wuri, sannan ya bar maka ja. Ya tura wa kowa a gidan ban da Baba. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka ɗauki wayoyinsu ba sallama. In Baba ya shigo tsakar gida sai hira ta mutu. Sallar magariba da shi ke ja musu, sai aka fara tayar da iƙama kafin ya gama alwala.

Wata safiya ya tsayar da ni a ƙofa. Ya rame, kakin ya yi masa yawa. Ya ce, “Ƙanena ya kira ni jiya daga gida. Wai ana cewa a gari na cinye wa yara guminsu na shekara uku. Uwar ɗaya daga cikinsu ta je har gidana ta yi kuka a gaban iyalina.” Ya share fuska da tafin hannu. “Ni ko tura hoto ban iya ba sai an nuna min. Injiniya, kai naka ya fito?”

Na ce, “Ana kan dubawa, Baba.”

Ya dube ni ya gyaɗa kai. Ban san me ya gani a fuskata ba. Ya ce, “Allah ya sa kai ka dace.” Ranar na yi wa wani ɗan aikina tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har mudir ɗinmu ya kira ni ofis.

Na ɗauka ba za a yi watanda a shekarar ba. Babban cikin 'yan Kumasi ne ya dage, ya ce an riga an haɗa kuɗi tun kafin rigima, maraƙi bai yi wa kowa laifi ba. Aka sa ranar ashirin da takwas ga azumi, bayan la'asar. Na so in ce ina da aiki. Matata ta ɗauko makullin mota ta ajiye a gabana.

Na tarar an shimfiɗa leda, tiren yana tsakiya. Baba ya durƙusa yana kasawa, kowa ya yi tsaye ya harɗe hannu, babu tsokana babu dariya. Ya yanka hantar nan goma sha biyu kamar kullum. Yana ajiye wuƙa sai mutumin Kazaure ya shiga ɗaki ya fito da ɗan sikelin rataye, irin wanda ake auna jaka da shi kafin a tafi filin jirgi. Ya ce, “Bana za a auna.”

Ɗan Kumasi ya ce, “Kai, ka ji tsoron Allah, azumi ne a bakinka.”

Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce, “Bar shi ya auna. Haƙƙinsa ne.” Ya ja da baya ya zauna a kan dugadugansa. Mutumin Kazaure ya dinga zuba kashi a leda yana ratayawa yana faɗin nauyi da ƙarfi. Sha biyun nan bambancinsu bai kai loma ɗaya ba.

Ya ce, “Injiniya, juya.”

Na tashi na fuskanci bango. Fentin ya ɓaɓɓare daidai inda ruwan na'ura ke bi. Na ji ƙarar bakin wuƙa a kan tire.

“Wannan na wa?”

Bakina ya ƙi faɗin sunan kowa. Abin da ya fito daban ne. Na ce Baba bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Na ce dokar abin ta hana mutum ya danna wa wani, tiren ne ya jawo aka rufe su. Na ce na karanta dokar tun shekara biyu da rabi da suka wuce, na yi shiru don ina cin riba da dannawarsu. Na ce tawa ta fito kore tun da daɗewa, kuma an zuba min daga abin da aka ƙwace musu. Duk bango nake wa magana. Na san da fuskokinsu nake kallo da ban iya ba, wannan ma wani abin kunyar ne.

Na gama maganata. Ban ji komai ba sai ɗigar ruwa da ƙarar motoci daga babban titi. Na ji takun mutum ya matso bayana har ina jin numfashinsa, na ji wani ya riƙe shi. Ina jira a rufe ni da duka, kuma wallahi da an yi da na ji sauƙi.

Sai wuƙa ta sake taɓa tire. Muryar Baba ba ta canza ba.

“Wannan na wa?”

Na faɗi mai shi. Ya taɓa na gaba, na faɗa. Haka har goma sha ɗaya. Da na juyo, kowa na riƙe da ledarsa, ba mai kallona sai mutumin Kazaure, idonsa jajir. Na ce zan raba abin da ke wayata kashi goma sha biyu. Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, “Ka tura mana ina? Wayoyin da aka rufe? Kuɗin da har yau ko karak ba ya saye? Ashe kai da masu manhajar halinku ɗaya, kun ɗebi naku tun kafin mu zauna.” Ya juya ya dubi Baba, sai ya shige ɗaki ya bugo ƙofa.

Baba ya ƙulle kashina a leda da kansa, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce, “Naka ne, an auna a gabanka.” Na kasa karɓa. Ya kama hannuna ya rataya min. “Na tambaye ka wa ke juya baya, Injiniya. Da ka ce min ba ka sani ba, da ban ba da wayata ba.”

Washegari na karɓi lambar ƙanensa na kira shi. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce ya sa ni a lasifika a gaban duk wanda yake so. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “To, na ji, Allah ya saka. Amma kai ne injiniyan da yaya yake kawowa gidan, ko? Kuma kai kaɗai naka ya fito?” Na ce e. Ya ce, “To.” Bayan mako biyu ɗan Kumasi ya gaya min yadda labarin ya koma a garin. Wai Baba da wani injiniya ne suka haɗa baki, dattijo ya tara wayoyi, mai ilimi ya kwashe, za su raba in ƙura ta lafa. Samarin nan uku sun kira gida sun ƙaryata, aka ce ai kunyar dattijo suke ji.

Baba ya tafi bayan babbar salla. Ni na kai shi filin jirgi, bai ƙi ba, kuma bai yi maganar ba har muka rabu. Ya bar tiren a bayan ƙofa. Ba a sake watanda a gidan ba, ko kuma an yi ba a kira ni ba, ban bincika ba.

Ƙarshen azumin da ya biyo baya ina ɗakin injina saƙon murya ya shigo daga lambar Najeriya. Baba ne. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali da yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce rumfa dai ba a buɗe ba tukuna, ana jira abubuwa su daidaita. Sannan ya ce, “Jiya aka yi watandar unguwarmu. Tun zamanin kakana a ƙofar gidanmu ake kasa ta. Bana sun kai ta ƙofar wani. Na saka kuɗina, an aiko min da nawa a leda. An cika min shi, ba laifi.”

Ina cikin sake sauraro wayar ta yi ƙara a hannuna. Manhajar ce take tuna min lokacin dannawa ya yi.